Allurar Mato Mai Rediyo

A kasuwar Belbeji kowa ya san Mato mai gyaran rediyo: ga fara'a, ga riƙo kamar raƙumi. Yana yaro wani dillali, Ila, ya ɗora wa ubansa Barmo satar akuya a bainar jama'a. Barmo bai ɗauki ko igiya ba, amma kunya ta kore shi daga garin, baƙin ciki ya ƙarasa shi a Tanut. Ila ya manta. Mato kuwa ko kusa.

A Damagaram ya koyi gyara, can ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Allurar da aka goga wa mayen ƙarfe, in an ɗora ta kan tsinke a ruwa, arewa take fuskanta. Amma in ka shimfiɗa waya a ƙarƙashinta ka haɗa da batir, sai ta juya gefe, alhali babu abin da ya taɓa ta. Sauran masu koyo suka yi dariya suka wuce. Mato kuwa, Ila ne ya faɗo masa a rai.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, ragon layyar mai gari ya ɓace. Mato ya ce yana da allura mai nuna ɓarawo. Ya shimfiɗa tabarma, waya a ƙarƙashi, batir cikin babbar rigarsa, ƙwaryar ruwa da allurar a tsakiya. Shi da kansa ya zaunar da dillalai, ya ba Ila wuri ta yamma.

"Zauna nan, Baba, ka fi samun inuwa," in ji shi.

Ya haɗa waya. Allura ta yi rawa, ta karkata, ta tsaya a kan Ila cak.

"Wallahi ban ga ragon nan ba!" Ila ya yi ta rantsuwa, rawaninsa na warwarewa. Wa zai saurare shi? Aka yi masa ihu har ƙofar gida, daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi ko kaza ya sayar. Daɗi ya kashe Mato, a ransa ya ce rama cuta ga macuci ibada ce.

Kashegari aka aiko masa da cinyar rago cikin kwano, ba a faɗi daga wa ba. Ya san ko ragon waye, ya kuma gane godiya ce daga ɓarawon gaskiya. Ya miƙa wa matarsa Balki.

"Sa yaji sosai," ya ce.

Ya cinye tas, har ɓargo ya tsotse.