Kuɓewar Malam a Bayan Gidanmu na Texas

Yaya Hajara, jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba, shi ya sa na ce bari in ba ki labarinsa tun bai gudu daga kaina ba.

Kin san tun da Malam ya rasu, ɗana Abba ya matsa sai na baro Amurka na dawo wurinsa a Leeds ta Ingila, garin da muka fara zama ina amarya, lokacin Malam yana karatu. Na ɗauka gida zan dawo. Ashe shekarun da na yi a Texas sun canza ni ban sani ba. Har yau in zan tsallaka titi, ɓangaren da ba shi ba nake fara dubawa. In na gai da mutum da fara'a a kanti, sai ya yi ɗan guntun murmushi ya kau da kai.

To, a mafarkin ina cikin bas mai bene, na hau sama na zauna a gaba. Ana yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa mutum kuma ba ya ɗaukewa. Gidajen jan bulo a manne da juna, titi ɗan siriri. Bas ɗin cike da mutane amma ba mai magana. Sai kawai muka sha kwana, na ga titi ya buɗe, faɗinsa kamar filin idi, rana ta fito fes har tana dukan fuskata. Na duba, ashe ni ce nake tuƙi, cikin tsohuwar motarmu mai ruwan toka, wadda Malam ya koya min tuƙi da ita a filin ajiye motoci na masallaci. Har ƙamshin turarensa yana nan a kujera.

Na tsaya a ƙofar gidanmu. Maƙwabciyata Dolores, dattijuwar nan da na sha ba ki labarinta, wadda ta kwana da ni a asibiti ranar da Malam ya cika, tana zaune a barandarta tana kaɗa kujera. Ta ɗaga murya kamar yadda ta saba, sai dai da Hausa ta yi min magana, Hausar Zariya tsantsa. Ta ce, "Rabi, kin daɗe a kasuwar nan." Ni kuwa ba kasuwa na je ba.

Na zaga bayan gida. Lambun Malam yana nan, yakuwa da alayyafo da tattasai, amma kuɓewar ta yi tsawo har ta wuce rufin gida. Yana tsugune a tsakiya da hular kabarsa, ya juya min baya, yana cire ciyawa. Na ce, "Malam, rana ta yi zafi, ka shigo ka sha ruwa." Bai waiwayo ba. Na sake faɗa. Ya ci gaba da cire ciyawarsa.

Na juya in ɗebo masa ruwan, na tura ƙofar kicin, sai kawai na gan ni a matsattsen benen ɗakin hayarmu na farko a Leeds, mai warin danshi da gas. Sanyi ya ratsa ni har ƙashi. Malam yana tsaye a saman benen, saurayi, da baƙar kwat ɗinsa wadda ta yi masa yawa, gashinsa ba furfura ko ɗaya. Ni kuwa ina nan tsohuwata, gwiwa tana ciwo. Na yi ta hawa, benen yana ƙaruwa. Da na gaji na tsaya, shi ne ya sauko. Ya kama hannuna, ya buɗe tafin, ya zuba min irin kuɓewa busasshe. Ya naɗe yatsuna a kai, ya ce, "Ba ta son sanyi, Rabi. Amma in an kula da ita tana yi."

Nan na farka, hannuna a dunƙule gam, har farcena ya yi min shaida. Ruwa yana sauka a jikin taga, matar Abba tana ƙwanƙwasa ƙofa tana cewa, "Mama, shayinki zai huce."

Abin da ya sa hankalina ya tashi, Yaya, shekaranjiya Abba ya ce min an samu mai son sayen gidan Texas ɗin, amsata kawai ake jira. Har yanzu ina ta juya maganar a raina. In na yarda, ba ni da sauran ƙofar da zan buɗe a garin da kabarin Malam yake. In na ƙi, wa zan koma in tarar?

Ke kin fi ni sanin waɗannan abubuwa, ko ki tambayar min limamin unguwarku. Mamaci in ya ba mutum iri a hannu, me ake nufi? Kuma da ya ce ba ta son sanyi, kuɓewar yake nufi, ko ni?