Makunnin da Na Bari a Kan Biyar

Akwai wani warin ƙuna da na shaƙa wata ranar Laraba a shagonmu na Gwallaga, wanda ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Shekaru sun ja, amma ko yau roba ta ƙone kusa da ni sai ranar ta dawo mini.

Mu biyu ne a shagon, ni da wata abokiyar karatuna 'yar kudancin jiha, muna gyaran inbata da sitabilaiza. Sai wasu manoma daga Zungur suka zo neman na'urar da za ta kunna famfon rijiyarsu, ta kuma kashe shi da kanta in tanki ya cika. Suka ce kowa ya haɗa tasa, ranar Alhamis za su zaɓi ɗaya. Ƙwaƙwalwar irin wannan na'ura wani ɗan cif ne da bai kai farce ba, ana loda masa umarni daga kwamfuta ta wani ɗan akwati. Akwatin lodin guda ne a shagon, da makunni a gefensa: ko bolt biyar, ko uku da ɗigo uku. Cif ɗinmu na uku da ɗigo uku ne, ka ba shi biyar ka kashe shi.

Tata na'urar ta tashi a lodin farko. Tawa kuwa ina cikin lodi aka ɗauke wuta, daga nan cif ɗin ya ƙi karɓar komai. Kwana shida ina fama. Ita ko fitilar na'urarta sai ƙyaftawa take, maƙwabta na leƙowa suna cewa, "Kai, Madam, kanki na ja!" Wallahi kishi ne ya ci ni, ba wani abu ba. Ni fa na koya mata riƙe dalma! Ko gaisuwarta ta safe sai na ji kamar gori take min.

Ranar Larabar da hantsi na yi wa wani tsohon inbata lodi, na mayar da makunnin kan biyar. Bayan azahar sai na ga ta ciro cif ɗinta na ajiya, guda ɗaya tak da ya rage, ta jona a akwatin. Na ce a raina, ji ta, ɗaya bai ishe ta ba, sai ta haɗa na biyu ta ƙara nuna mini iyakata. Idona na kan makunnin. Kalma biyu kawai zan faɗa, "Duba wuta." Na sunkuyar da kai na ci gaba da goge fanel ɗin na'urar da ba shi da datti.

Ta danna. Wani siririn hayaƙi ya tashi, wari ya cika shago.

Ta daɗe tana kallon makunnin. Sannan ta ce, "Ayya, Malam, ka yi haƙuri. Naka ne fa."

Na ce, "Nawa kamar yaya?"

"Na duba aikinka a kwamfuta, lafiyarsa lau, har ya fi nawa tsari. Cif ɗinka ne ya mutu. Na ce bari in loda maka a wannan, gobe mu tsaya tare. Laifina ne, ban duba wuta ba."

Sabon cif sai an aiko daga Legas, mako guda cur. Washegari manoman suka zo a keke, suka ɗauki tata, tawa na kan tebur ba rai. Tana ta ba ni haƙuri, ni kuma na kasa gaya mata na gani.

Sai bayan shekara uku na iya faɗa mata. Ta yi dariya ta ce ai ta sani, ta ga inda idona yake.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, shirun da kishi ya sa ka yi, ba ka san kan wa zai faɗa ba. Yanzu ko wanda ba ma ga maciji da shi ne ya ɗauki akwatin lodi a gabana, kafin ya danna sai na ce, "Duba wuta."