Akwatin da Baba Idirisa Ya Ƙi Buɗewa

Shekara ashirin da biyu ke nan cif da muka rufe Baba Idirisa a nan Alƙahira. Na ce "muka", amma ni a sahun baya na tsaya, na ja hula har kan gira, ana sallamewa na sulale. Sahun ma uku ne kacal, su ɗin ma ba cikakku ba, a jana'izar mutumin da kusan duk ɗaliban Arewa na zamaninmu sun ci tuwon gidansa. Waɗanda suka ƙi zuwa suna da hujjarsu: wata takarda da ta ce mamacin ɗan gurguzu ne. Ni na rubuta takardar nan da hannuna. Dalilin da ya sa na roƙi wannan fili ke nan, domin har yau sunan bawan Allahn nan yana cikin taɓon da na jefa shi.

Bahaushen Sudan ne, tafiyar aikin Hajji a ƙafa ce ta ajiye kakanninsa a can. Yana da ɗan shagon littattafai a unguwar Darrasa, kuma shi ke ba mu salla a ƙaramin masallacin da baƙi 'yan ƙasashenmu ke haɗuwa. Ba shi da kujera a shagon. A kan wani koren akwatin ƙarfe mai kwaɗo yake zama, kuma ko ba ka tambaya ba sai ka ji labarin akwatin.

Da ƙuruciyarsa direba ne a unguwar Zamalek, yana tuƙa wani Ba'amurke ma'aikacin gwamnatinsu. Rana ɗaya aka yi wa mutumin canjin aiki zuwa Biyetnam. Ya ce da Baba ba yaƙi za shi ba, shawara kawai zai je ya ba sojojin can. Ƙasar zafi ce, saboda haka ya tattara rigunansa na sanyi ya kulle a akwati, ya ce a ajiye masa, zai dawo kafin sanyi ya shigo. Bai dawo ba, bai aiko ba. Baba bai taɓa sanin abin da ya same shi ba, amma tun daga nan ya zama ɗan bin labarin yaƙin a rediyo da jarida, kamar ɗansa ne a can.

Ya kan lissafa mana da yatsu yadda abin ya faru. Da fari Faransa ke yaƙinta da 'yan ƙasar, Amurka na tura mata kuɗi da makamai don tsoron gurguzu. Faransa ta sha kashi ta tattara. Aka raba ƙasar biyu, Amurka ta rungumi kudu, ta ce idan nan ya faɗi maƙwabta duk za su bi. Sai masu ba da shawara. Sai aka ce an harbi jirgin ruwansu, sai ruwan bama-bamai. Sai sojojin da za su tsare filin jiragen sama, sai wasu sojojin da za su tsare waɗancan. "Kamar mai tsamo takalminsa a kududdufi," in ji shi. "Idon sawu, gwiwa, ƙugu, kuma kunya ta hana shi juyawa. Su dai da suka gaji sun hau jirgi sun tafi. Masu ƙasar ne aka bari da kaburbura."

Muna jin labarin muna dariya, har lokacin da Rasha ta shiga Afganistan, wani shehi ya fara zuwa ɗakunanmu da hotunan yaran da aka kashe. Hotunan gaskiya ne, zaluncin ma gaskiya ne, wannan ban taɓa musunsa ba. Mutumin in ya buɗe baki sai ka ga ƙarti suna share hawaye. Ƙanena Bashir, da muke ɗaki ɗaya, yana shekara ta biyu a karatun Shari'a, ya ba da sunansa cikin masu tafiya can. Ya ce ba yaƙi za shi ba, rabon magani ne a kan iyaka, wata uku, zai dawo kafin jarrabawa. Ya ɗaure littattafansa da igiya ya kai wa Baba ajiya. Ina tsaye a wurin. Baba ya dubi ƙunshin, ya dubi akwatin da yake zaune a kai, ya ce, "Ɗana, na taɓa jin wannan magana."

Ranar Juma'ar nan bayan salla ya miƙe a gaban kowa. Ya ce ku tambayi shehinku wa ke sayen bindigogin. Ya ce masu saye su ne dai waɗanda suka ƙone Biyetnam, sun gano jinin 'ya'yansu yana da tsada, shi ne suka zo neman na 'ya'yan wasu. Ya ce ranar da suka gama da Rasha za su juya baya, wataƙila ma su dawo su yaƙe ku da kansu. Masallaci ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce shuyu'i ne, wato ɗan gurguzu da larabcin nan. Wani ya ce ai takardun Rasha ne cike da akwatin nan da yake gadi. Muka ɗunguma shagon, muka ce in yana da gaskiya ya buɗe. Ya zauna daram a kai ya ce, "Amana ce. Mai ita bai ba ni mabuɗi ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ni ne mai kyan rubutu a cikinmu, sai aka miƙo mini alƙalami. Na zauna na tsara ta da larabci mai ƙawa, da ayoyi a sama da ƙasa, cewa ba a salla a bayansa, ba a ciniki a shagonsa. Na sa hannu na farko, sauran suka biyo. Wallahi ina tuna daɗin da na ji da aka yaba rubutun. Wannan daɗin shi ne abin da na fi ƙyama a duk rayuwata.

Bashir ya aiko wasiƙa biyu. A ta farko yana rabon magani, a ta biyu yana koyon harbi. Daga nan shiru. Har yau ban san inda ƙasa ta rufe shi ba, kuma mahaifiyarmu ta rasu tana tambayata. Rasha ta fita, masu sayen bindiga suka kaɗe rigarsu suka tafi, kamar yadda aka faɗa mana. Shehin kuwa na sha ganinsa a talabijin daga baya, ya yi ƙiba, yana jan kunnen matasa kan tsattsauran ra'ayi. Allah wadai. Amma ni ma me na yi? Shekara goma sha takwas ina canza layi don kada in bi ta ƙofar shagon. Baba ya taɓa aiko mini cewa littattafan Bashir suna nan. Ban je ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya kai yau. Ya ga shigar Amurka Afganistan da sojojinta kafin ya cika, amma bai ga fitarta ba, mutane suna maƙale da jirgi yana tashi. Na san ba zai yi murnar cin musu ba. Zai ɗaga yatsun nan ya fara lissafi ne kawai. Kuma da zai shiga motar haya ta unguwar Faisal ya ji yadda samarinmu ke zagin juna a waya, wannan ɗan wancan ɓangare ne, wancan karen wannan ƙasa ne, kan yaƙoƙin da ba su san wa ke saye musu harsashi ba, zai gane mu sarai. Ba abin da muka koya.

Watan jiya wani ya tono takardar nan, ya ɗauki hotonta ya watsa a zauren ɗalibai na waya, wai tarihin gwagwarmayar magabata. Jikan Baba yana cikin zauren. Washegari 'yar Baba, Hajiya Amna, ta kira ni. Ba ta gaishe ni ba.

"Malam Hamisu, rubutun wa ne wannan?"

Na ce nawa ne, Hajiya.

"To, ka zo gida."

Na tarar ta jawo akwatin tsakiyar falo, ga guduma a kai. Ta ce mahaifinta ya yi wasiyya kada a taɓa, kuma ta riƙe shekara ashirin da biyu, amma yau ɗanta ya tambaye ta ko kakansa kafiri ne. Ta ce hannun da ya rubuta shi zai fasa. Bugu uku kwaɗon ya faɗi. Warin kafur ya buge mu. Kwat biyu manya da asu ya cinye, rigunan ulu, safar hannu, da mayafin wuya. Na zazzage har ƙasa, ko fallen takarda babu. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin littattafan Bashir, igiyar tana nan yadda ya ɗaure ta, ta ajiye a gabana ta ce, "Wannan ma bai kwance ba."

Na rubuta wata takardar, ta warware waccan, na bi waɗanda suka sa hannu da ke raye. Ɗaya ya ce ma'alish, wato ba komai, abu ya wuce. Ɗaya ya ce shi yanzu mutum ne mai muƙami, kada sunansa ya fito kusa da maganar Afganistan. Ɗaya ya rantse bai taɓa sa hannu ba, alhali sunansa ne ƙarƙashin nawa. Na dawo gida da takarda mai sa hannu ɗaya, raina a ɓace, ina jin ƙyamarsu da ƙyamar kaina.

Shagon yanzu na sayar da kayan waya ne, masallacin ma an rushe shi. Abin da ya rage na Baba Idirisa shi ne akwati da ƙunshin littattafai, amanar Ba'amurke da ta Bahaushe, ya riƙe su daidai wa daida, ya bari aka ɓata masa suna a kan ya fasa kwaɗo ɗaya. To, ga shaidata, ga jikansa da duk wanda ya ga hoton nan. Ni Hamisu, yayan Bashir, ni na rubuta, kuma ƙarya na rubuta. Kakanka Musulmi ne, limaminmu ne, gaskiya ya faɗa mana muka kore shi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Bashir. Akwatin ni na buɗe shi, kuma rigunan sanyi ne a ciki.