Askin Auta

Reza ake ce masa, kuma ba don aski kaɗai ba, har da bakinsa. Shekara da shekaru yana cikin shagon nan mai kujera ɗaya, da madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin da aka tokare ƙafarsa da bulo. Da askin nan ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya mata biyu. Tutiyarsa ita ce bai taɓa yankar kowa ba. Ko yaro mai tsala ihu aka kawo, sai ya dafa masa tsakar ka da yatsu uku, kan ya tsaya cak. Yakan ce, "Kai ba ya gardama, sai dai hannu ya zama rago."

To, sai ga kai mai gardama a cikin gidansa. Autansa, ɗan shekara goma sha huɗu, ya fara da yawan ƙifta ido, daga nan wuya ya shiga fizgewa gefe, sai kuma wani ɗan sauti a maƙogwaro kamar mai gyaran murya. A shagon aski kuwa kowa likita ne. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce kallon waya ne, wani direba da bai san ajin da nasa ɗan yake ba ya ce sangarta ce, bulala biyu ta isa. Wani mai sayar da taya ma kwaikwayon yaron ya yi daga kan benci, ya manta mai aski ta madubi yake ganin bayansa. Reza ya bari har layi ya zo kan mutumin, ya aske masa rabin kai, ya kashe inji, ya zare masa ƙyalle.

"Tashi. Je ka ba su dariya da naka kan."

Uwar yaron ce ta dage aka je asibiti. Likita ta yi musu bayani dalla-dalla: ba aljanu ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Abin yana taso masa ne kamar atishawa, in ya danne sai ya fito da ƙarfi daga baya. Za ta riƙa koya masa gane alamar zuwansa, su kuma a gida kada su zura masa ido, kada a ce ya daina. Maganar ta shiga wa Reza ta nan ta fita ta can. Ita ta san takarda, shi ya san kai.

Don haka duk yammar da shago ya yi sauƙi, sai ya zaunar da Auta a kujera, ya dafa masa tsakar ka. "Daure. Kai fa namiji ne." Yaron ya daure har idonsa ya kawo ruwa, in ya koma gida kuma abin ya kwance masa, ko loma ya kasa kaiwa baki. Uwar ta yi magana har ta gaji. Rannan Reza yana daidaita masa gefen kunne, wuyan ya fizge, kaifin aska ya shiga kunnen. Jinin farko a duk rayuwar sana'arsa, kuma na ɗansa. Maimakon sannu, abin da ya fito masa shi ne, "Ka ga abin da ka ja mini?" Wai shi aka ja wa. Kunnen yaro ke zubar da jini, amma shi sunan da ya yi yake wa kuka.

Tun daga ranar Auta bai ƙara hawa kujerar ba. Suma ta taru, makaranta ta ce ba ya shiga aji da wannan kan. Reza ya gyara zama, ai dole ƙanwar na ƙi, zai kawo kansa.

Sai ga Auta ya shigo gida da sabon aski. Kallo ɗaya Reza ya yi wa layin ƙeyar ya gane hannun: Dogo ne, wanda ya koya wa sana'a ya kuma kora saboda nawar aiki, yanzu yana da ɗan shago a bayan tasha. Ransa ya ɓaci. Bai ko rufe shago ba ya nufi can.

"Wa ya ba ka izinin taɓa kan ɗana?"

Dogo ya miƙe tsaye. "Shi ya zo, Maigida. In abin zai taso sai ya ɗaga yatsa, in ɗauke hannu. In ya wuce mu ci gaba. Ya ce likitarsa ce ta koya masa."

"Wannan aski ne ko jiran mota ta cika?"

Ya koma gida yana huci, ya sami Auta a ɗaki yana jera littattafan makaranta a jaka.

"Faɗa mini, me Dogo ya iya da ban iya ba? Ni na koya masa riƙon almakashi."

Wuyan Auta ya fizge, ya sake fizgewa. Ya jira abin ya wuce, sannan ya ɗago.

"Bai kai ka ba, Baba. Dubi ma yadda ya karkata mini ƙeya. Amma shi ni ya yi wa aski. Kai kuwa wanda ya warke kake jira ya hau kujerarka, likita kuma ta ce ba ta san ranar ba."