Manhajata a aljihun direban Dungas

Shekarun baya, ina mushen lissafi, wato malami, a wata lakwal, makarantar boko, a Magarya, na rubuta wata 'yar manhaja mai haɗa makin ɗalibai ta fitar da bilitan, takardar sakamako. Ba ta da hoto ko ado. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni ka danna, ta zubo maka sakamakon aji duka. Na ɗora ta a intanet, na shiga tafiya ina ɗaga kafaɗa kamar wanda ya gina bene.

Abokina da ke koyarwa a Dungas ne ya fara yarda da ni. Na ce masa ya huta da biro, layi ɗaya zai rubuta ta sauka a ordinatarsa, wato kwamfuta. Bawan Allah ya ɗauki maganata, ya bar makin aji uku ba lissafi, alhali ran Asabar iyaye za su zo karɓar bilitan.

Ran Laraba ya kira ni. Ashe manhajar sai ta jawo wasu fayiloli daga intanet kafin ta zauna, rezon intanet kuwa a lakwal ɗinsu sai an yi sa'a. Ni da nake zaune cikin gari ban taɓa tuna wannan ba. Ya ce, "Mushe, tun hantsi nake kallon baƙin allon nan, shi ma yana kallona. Me zan faɗa wa darekta?" Kunya ta kama ni sosai, don ni na kai shi na baro.

Na tattara komai a fayil ɗaya, na rubuta yadda ake girkawa da Hausa, na zuba a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa ordinata. Na ɗaura masa jan zare, na kai tasha na ba direban motar Dungas, yadda ake ba da saƙon magani. Ya jujjuya shi ya tambaya ko da waƙa a ciki. Na ce babu, na roƙe shi kar ya soka a rediyonsa.

Juma'a bayan masallaci abokina ya turo hoton bilitan jere a tebur. Na yi murna har matata ta tambaya ko an ƙara mini girma ne.

Tun daga nan na gane cewa ɗora abu a intanet ba shi ne kai shi ga mutane ba, sai ka san hanyar garinsu. Kile ɗin kuwa abokina bai mayar ba, ni ma ban tambaya ba.

Shekara ta zagayo, a wani taron malamai, wani mushe daga Waca ya ja ni gefe cikin tausayi, wai in daina wahalar lissafi da hannu. Ya ce, "Kwafi wannan manhaja, mu da 'yan Sassumbrum duk da ita muke aiki. An ce wani babban injiniya ne a Yamai ya yi ta." Ya miƙo mini kile, jan zarena na nan a jikinsa, ya koɗe.

Na karɓa da hannu biyu, na ce Allah ya saka wa injiniyan da alheri.