Zaƙin Madarar Gwangwani

A gidana komai da tsarinsa. Duk abin da za a ba jariri, sai an wanke hannu, an tafasa ruwa, sannan na ɗanɗana da bakina. Haka na reni 'ya'yana duka.

Da 'yata ta haihu ta dawo gida wanka, zazzaɓi ya kwantar da ita, nono ya ja baya. A asibiti nas ta ce a haɗa wa yaron da madarar gwangwani kafin uwar ta farfaɗo. Mijinta ya sayo a kasuwar Mubi. Na tafasa ruwa, na auna, na girgiza, na ɗiga a bayan hannu na lasa. Sai na ji zaƙi.

Ni kuwa ciwon suga gare ni. A wannan asibitin aka hana ni ko rabin cokali a shayi. Na ajiye bulunbotin.

"Inna, yunwa fa yake ji," in ji 'yata, yaron yana ta canyara kuka.

"Ba zan fara masa da abin da ya kayar da ni ba."

Na ɗauki gwangwanin, na hau keke, na koma wurin nas ɗin.

"Ku ne kuka hana ni suga?"

"Mu ne, Mama."

"Ku ne kuma kuka ce a ba jariri wannan?"

Ta ce ai sugan madara ne, ba irin na shayi ba, kuma daga gare shi yaro yake samun ƙarfi. Wani gwangwanin ma, in ji ta, daga masara ake ciro sugansa. Nan kaina ya ƙara ɗaurewa. Tun ina yarinya nake noman masara a Betso, ban taɓa ganin suga ya fito daga buhu ba.

Ta yi dariya. "Mama, je ki ɗanɗana nonon uwarsa, sai mu yi magana."

Da na dawo na miƙa wa 'yata cokali. Ta rufe fuska. "Haba Inna!"

"Tatsa."

Da ƙyar aka samu ɗigo. Na lasa. Har ya fi na gwangwanin zaƙi. Ashe duk shayarwar da na yi, ban san me nake ba su ba.

Na zubar da wadda ta huce, na wanke hannu, na sake tafasa ruwa, na auna. Yaron ya sha har ya yi gyatsa, ya yi barci.

Har yau ban gane yadda abu ɗaya yake gina shi yana rushe ni ba. Shayina dai salam nake sha.