Ƙugiyar Kafaɗar Hagu

Idan ka je filin dirar lema da ke bayan gonakin rogo na Rayong ka tambayi Saowalak, kallonka za a yi a ce babu mai wannan suna. Amma ka ce Lak, nan da nan wani zai ɗaga haɓa ya nuna maka sama. Can take wuni. Mace ce 'yar firit, rana ta ƙona ta, ga baki, ga tsiya, kuma duk filin babu wanda ya kai ta iya ɗaukar hoton mutum yana faɗowa daga jirgi. Ita ma ta san haka, ba ta kuma ɓoyewa. Idan baƙo ya tambaye ta ko hoton zai yi kyau, sai ta ce, "Hoton dai zai yi kyau. Fuskarka ce ban yi maka alkawari ba."

Kyamara biyu take ɗaurawa a kan hular kwanonta, ta bidiyo da ta hoto. Tun da hannuwanta da ƙafafunta suna can suna fama da iska, da haƙori take ɗauka: wani ɗan maɓalli ne a cikin bakinta, ta cije shi, hoto ya ɗauku. Shi ya sa idan tana yi wa mutum faɗa a ƙasa, muƙamuƙinta na motsi, sai abokan aiki su ce masa, "Gyara tsayuwa, ɗaukarka take yi."

'Yar masu kiwon jatan lande ce. Da ta gama makaranta ta shiga hoton biki a gari, ta yi 'yan shekaru tana fama da amare masu cewa a ƙara musu haske, da iyayen ango masu cewa a rage musu tumbi, har abin ya kai mata iya wuya. Wata rana wasu ma'aurata suka ɗauko ta ta zo filin ta ɗauki saukarsu. Ta ɗaga kai ta ga mutane suna zubowa daga gajimare suna ihu, babu mai gyara gashi, babu mai neman gefen fuskar da ya fi masa kyau. Ba ta koma shagon ba. Uwarta ta sha kuka, ta ja ta wurin wani dattijon malamin haikali ya yayyafa mata ruwa. Ruwan ya bushe, Lak tana nan tana koyon naɗe lema.

Wanda ya mayar da ita mutum a sama shi ne Kawu Bunsom. Ba kawunta ba ne na jini, kowa haka yake kiransa, har mai filin. Tsohon sojan lema ne, gashi fari fat, maganarsa a rana ba ta cika cokali ba. Rabin malaman filin ta hannunsa suka bi. Sau ɗaya Lak ta shagala da bin hoto a iska har ta makara wajen buɗe lema, ta sauko tana dariya tana nuna wa mutane abin da ta kamo. Kawu ya karɓe hular daga hannunta, ya kulle a akwatinsa, ya ce, "Kyamara ba ta san ƙasa na zuwa ba. Ke ce ya kamata ki sani." Damina guda ta yi ba ta taka jirgi ba. Ta zage shi a zuci iya son ranta, kuma har gobe idan ka tambaye ta wa ya sa take raye, shi za ta nuna.

Aikin Kawu dirar goyo ne. Baƙon da bai taɓa tsalle ba ana ɗaure shi a ƙirjin malami da ƙugiya huɗu, biyu a kafaɗa, biyu a ƙugu. Baƙo ba ya goye da lema, waɗannan ƙarafan su ne duk abin da ya riƙe shi. Saboda haka ƙa'ida ce, kafin a buɗe ƙofar jirgi, malami ya ƙirga nasa, sannan na kusa da shi ya sa hannu ya jijjiga kowace ɗaya. Ana yi wa kowa, ban da mutum ɗaya. To wa zai miƙa hannu ta saman kafaɗar Kawu, dab da kansa, ya jijjiga masa kaya kamar ɗan koyo? Mutanen da shi ya koya wa ɗaura takalmi? Nasa da ido ake dubawa, a sunkuyar da kai, a yi murmushi. Haka aka saba, ba wanda ya taɓa ganin laifin abin, har ita Lak mai bakin.

Ranar da abin ya faru, baƙuwar Kawu wata nas ce daga Chonburi mai suna Nattha, abokan aikinta suka haɗa mata tsallen kyauta. Tun daga ƙasa take zuba surutu don tsoro.

"Yaya, idan na yi amai fa?"

"Ki yi ta gefen Kawu," in ji Lak. "Ni gilashina sabo ne."

Jirgi ya hau, teku ta koma kamar faranti. Lak tana durƙushe tana ɗaukar fuskar Nattha, Kawu yana bayanta yana ƙirga ƙugiyoyi da murya kamar kullum. Aka buɗe ƙofa. Mai kyamara ce ke fara fita, ta dafe wani ƙarfe a jikin jirgi ta waje, fuskarta tana kallon ciki, don ta kama lokacin da za su faɗo. Lak ta fita, iska na neman yage mata riga. Kawu ya turo Nattha bakin ƙofa, ƙafafunta suna lilo a waje, ta haɗe hannuwa a ƙirji, ta ɗaga kai kamar yadda aka koya mata.

A nan Lak ta gani. Ƙugiyar kafaɗar hagu tana reto, ba ta shiga zobenta ba.

A wannan iska ba a magana, ko ka yi babu mai ji. Kawu ya riga ya fara lilon ƙirga fita. Lak ta sako ƙafa ɗaya cikin ƙofar, ta wurgo jikinta gaba ɗaya, ta doki ƙirjin Nattha da kafaɗa, su ukun suka zube cikin jirgi. Ta buga kafaɗarta ta hagu, ta nuna. Kawu ya duba. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya maƙala ƙugiyar, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa direba alama ya sake zagayowa. Da jirgi ya dawo suka fita, Lak ta sha gabansu a iska ta yi ta cizo, Nattha baki har kunne. Ita a zatonta mai hoto ce ta yi tuntuɓe.

A ƙasa, direban jirgi da sauran malamai suka kewaye Kawu, kowa yana kallon takalminsa. Kawu ya ce ya rufe ta, bakin ƙugiyar ne ya gaji, ta kuɓuce lokacin da suke jan jiki zuwa ƙofa. Ba ƙarya ya shirya ba, abin da ya yarda da shi ya faɗa. Mai filin, Khun Thawin, ya sauke ajiyar zuciya ya ce a cire ɗamarar da ƙugiyar ke jikinta a kai a canza ƙarfen. Kowa ya samu mafita, aka watse cin shinkafa.

Lak ta shiga ɗakin tace bidiyo, don baƙuwa tana zaune a rumfa tana jiran nata. Ta mayar da hoton baya zuwa cikin jirgi, kafin a buɗe ƙofa. Ga Nattha tana washe baki, ga hannun Kawu a bayan kafaɗarta. Dama ta sama, ya maƙala, ya ja. Hagu ta sama, hannun ya je, ya shafa ƙarfen sau biyu kamar mai lallashin kyanwa, ya wuce. Bakinsa ya ce "biyu". Malamin da ke gefensa ya duba da ido, ya sunkuyar da kai. Ita kanta tana gabansu da kyamara, hankalinta yana kan haƙoran baƙuwa. Ta ji tsoro irin wanda ba ta ji ba a bakin ƙofar.

Khun Thawin ya leƙo don ya ce ta yi sauri, ta nuna masa. Ya kalla, ya ja ƙofa, ya kira surukinsa lauya, ya ajiye wayar a kan tebur kowa na ji.

"Wani ya ji rauni?" in ji lauya.

"Ko ƙwarzane."

"To babu ƙara. Wa ya mallaki bidiyon?"

"Kamfani," in ji Khun Thawin. "Haka muka yi da duk masu kyamara."

"To abin da za ku ba baƙuwa, ku yanka yadda kuke so, ai bidiyon nishaɗi ta saya. Sai dai ƙa'idarku ta ce irin wannan a kai rahoto ga masu ba da lasisi. Idan ƙarfe ne, a rubuta ƙarfe. Idan mutum ne, lasisin goyonsa za a riƙe, kuma a shekarunsa ba na jin zai dawo."

"Idan asalin bidiyon ya ɓata fa?"

Lauya ya yi tari. "Layin nan ba shi da kyau, ban ji abin da ka ce ba. Kada kuma ka maimaita."

Da wayar ta mutu Khun Thawin ya juyo. Ba mugu ba ne, idonsa ma ya kawo ruwa. "Lak, mutumin nan matarsa tana kwance, wannan aikin shi ke riƙe da gidan. Kuskure ɗaya a shekara talatin. Daga yau ni da kaina zan sa a riƙa jijjiga masa. Goge."

"Na baƙuwa zan yanka maka tsaf, ko kai ba za ka gane ba," in ji Lak. "Yanka aikina ne. Gogewa ba aikina ba ne."

"Kayan kamfani ne, kin ji lauya."

"Na ji. Ga shi nan, ga maɓallin, goge kayanka da hannunka. Amma idon da ya gani nawa ne, kuma idan an tambaye ni zan faɗa."

"Kin san zan iya sallamarki?"

"Sosai. Kafin ka gama rubuta takardar, filaye biyu sun kira ni." Ta sassauta murya. "Yaya Thawin, ba hukuma nake tunani ba. Shi nake tunani. Gobe da safe zai ɗaure 'yar wani a ƙirjinsa yana ganin laifin ƙarfe ne. Bari ya gani tukuna."

Khun Thawin ya daɗe yana kallon maɓallin. Bai taɓa ba. Ya fita, ya bar ƙofar a buɗe.

Ta sami Kawu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro yana murza shinkafa mai danƙo da yatsu. Ta haɗe tafukan hannu ta rusuna. "Kawu, zo ka duba mini wani abu." A ranta tana fatan ya ce ba yanzu ba. Ya wanke hannu ya biyo ta.

Ta ba shi kujerarta, ta tsaya a baya. Ya kalla sau ɗaya. Ya ce ta mayar. Ta mayar, ta rage gudun, hannun ya je a hankali, ya shafa, ya shafa, ya wuce. Ya ɗaga hannunsa na hagu daga cinya yana dubawa, ya juya shi ciki da baya.

"Na ji ƙarar shigarta," ya ce. "Har yanzu ina jin ta a kunnena. Da kotu aka kai ni, rantsuwa zan yi."

"Na sani, Kawu."

"Thawin ya ce ki goge?"

"Ya ce."

"Kika ce me?"

"Na yi masa rashin kunya."

Ya ɗan yi wani sauti ta hanci, kusan dariya. Ya sake kallon allon, inda ta tsayar da hoton a kan fuskar Nattha, yarinya tana dariya, ba ta san komai ba.

"Sauran fa? Na makon jiya, na wancan watan?"

"Yau kaɗai na gani, Kawu."

"Yau kaɗai kika gani," ya maimaita, a hankali.

Tausayinsa ya kama Lak, kuma ko kaɗan ba ta yi nadama ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Ya tashi ya tafi rumfa. Ta hango shi ta taga yana zama a benci ƙasa da Nattha, ya haɗe hannu yana magana. Ta ga dariyar nas ɗin tana ɗaukewa, ta ga ta kai hannu ta dafe kafaɗarta ta hagu. Sun daɗe. Daga nan ya wuce ofis, ya fito babu katin lasisin goyonsa da yake ratayawa a wuya.

Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Ki aika wa masu ba da lasisi duka, kada ki yanke ko ƙiftawar ido. Har da wurin da ba a jijjiga ba. Ita ma yarinyar duka take so, Thawin ya yarda."

"To, Kawu."

Ya ciro makullin motarsa daga aljihu, ya dube shi, ya ajiye mata a kan tebur kusa da hular kwanon.

"In kin gama, ɗauko babur ɗinki ki kai ni gida. Yau ban yarda da hannuna ba."